Baffa Rafali da Jikan da Ya Ja Masa Gemu

Baffa ya rasu ranar Laraba da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Na fara da addu'a ne don kada wani ya karanta sauran ya ce ɗan ƙaninsa bai yi masa ba.

Ban zaci layinmu zai cika saboda shi ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana busa usur a filayen ƙwallo na Wudil da ƙauyukanta, kuma alƙalin wasa zagi ne abincinsa. Babu unguwar da ba a ɗura wa mahaifiyar Baffa ashar ba, baiwar Allah da ta bar duniya ba ta taɓa ganin ƙwallo da idonta ba. Amma da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida sai ga su suna ta ɓullowa, tsofaffin 'yan wasa, wannan da tumbi, wancan da furfura, wani yana jan ƙafa. A zauna, a yi addu'a, a shafa, a ce ya ƙarin haƙuri. A yi shiru. Sai wani ya kasa daurewa.

Wani mutumin Darki, dillalin shanu ne yanzu, ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta wa Baba rafali, ni na yafe masa duniya da lahira. Amma wallahi ƙwallon nan tawa ci ce."

Aka ce, "Wacce?"

"Ta wasanmu da Indabo mana. Ya ce wai satar gida na yi."

Tsohon golan Indabo yana jingine da bango, ya ce, "Haba Alhaji, ji tsoron Allah. Tun da aka take wasa kake tsaye a kusa da ni kamar mai jiran motar Kano. Har hira muka yi."

Dariya ta so ta ƙwace, liman ya yi gyaran murya, kowa ya sunkuyar da kai yana motsa baki.

Tsohon kansilanmu ma ya zo, da mota da ƙamshin turare. Ya riƙe hannuna ya ce garin nan ya yi rashin mai gaskiya. Na ce haka ne. Ban tuna masa ranar da yaransa suka raka mai gaskiyar da jifa har bakin gada ba, don zaman makoki ne. A nan nake tuna masa, in yana karatu.

A cikin gida kuwa Inna, matar Baffa, ba ta yi kururuwa ba. Da mata suka dame ta da ban haƙuri sai ta ce, "Ku ƙyale ni. Shekara da shekaru, duk yammacin da ya fita da baƙar rigar nan ina zaton ranga-ranga za a dawo mini da shi. Ga shi Allah ya karɓe shi a kan katifarsa. Me zan ce ban da godiya?"

Ni ma ban yi kuka ba. Mutane suka ce dauriya ce. Ba dauriya ba ce, sauƙi na ji, kuma ba zan ɓoye ba. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne kada tsohon nan ya mutu ya bar hukuncinsa a wuyan ɗana, ɗan nawa kuma ya ƙare a hannun 'yan siyasa da gora a kafaɗa. Maganar da zan rubuta ke nan, gwargwadon karatuna da ya tsaya a aji biyu na sakandare. In ba a rubuta ba, nan gaba abin da za a ce kawai shi ne an yi wani tsoho mai usur.

Baffa yayan mahaifina ne. Tela ne, shagonsa na kan hanyar kasuwa. Shi ya ɗinka wa kansa baƙar riga da gajeren wandon da ya sauko har ƙasan gwiwa, don ya ce alƙalanci bai halatta tsiraici ba. Katinsa ma shi ya yi abinsa. Kwali ya yanka ya lulluɓe da ƙyallen yadi, ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa, ya bi gefensu da keke. Ba wanda ya naɗa shi rafali. Wata rana aka rasa mai busawa ya karɓi usur, shi ke nan ba a ƙara karɓa daga hannunsa ba.

Kafin a take wasa sai ya jera 'yan wasa yana duba farce da zobe, yana shafa ƙugu. In ya ji guru ko laya sai ya ce, "Ajiye malaminka a bakin fili, zai jira ka." In 'yan ƙauye suka zo ba takalmi, 'yan gari kuma kowa da but, sai ya sa kowa ya tuɓe. Aka ce masa babu wannan a doka. Ya ce doka ta ce kada a sa abin da zai ji wa wani ciwo, ƙusar takalmi a kan yatsan manomi kuwa ciwo ce. In aka taso masa a kan abin da ya faru a bayansa, amsarsa ɗaya ce: "Ban gani ba. Abin da ban gani ba ba na busawa. Allah ya gani, ku ƙarasa a can."

Taurin kai kam, kada ma a yi magana. Bayan an buɗe jami'a a garin nan, wani matashin malami daga can yakan zo ya buga da 'yan unguwa ranar Asabar. Rannan Baffa ya busa satar gida a kan wani da ke tsaye can gefe, bai taɓa ƙwallo ba, bai tare kowa ba. Malamin ya zo da ladabinsa ya ce, "Baba, yanzu an daina busa irin wannan. In mutum bai shiga wasan ba, ƙyale shi ake yi."

Baffa ya ce, "A ina aka daina?"

"A ko'ina, Baba. Daga Turai dokar ta fito."

"To ba ta ƙetaro gada ba tukuna. Koma wajenka."

Da sati ya zagayo sai ya tara kyaftin-kyaftin a tsakiyar fili ya ce, "Dokar nan ta iso." Ashe mota ya hau har Kano ya tambayo masu busa manyan wasanni. Bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi ta iso.

Shi ne kuma shugaban kwamitin ladabtarwa na ƙungiyoyin unguwanni da ƙauyuka. A wani aji na firamare suke zama, 'yan kwamiti a kan benci, mai laifi a tsaye. Duk wanda ya ba jan kati, kafin magariba Baffa zai je gidansu ya yi sallama da uban, ya faɗa masa abin da ɗansa ya yi, don kada ya fara ji a bakin 'yan tsegumi. Babban laifi a wajensa shi ne ɗora hannu a jikin alƙalin wasa. Wannan dakatarwa ce ba ranar dawowa. Hanyar dawowa ɗaya ce: uban yaro, ko wanda ya riƙe shi, ya zo gaban kwamiti ya zauna a ƙasa kan tabarma, a yi masa tambayoyi, ya roƙa. Baffa yakan ce yaron da ya ga ubansa a tabarma saboda shi, sau ɗaya yake yi. Masu unguwa sun zauna a tabarmar nan. Alhazai sun zauna.

To ga inda maganar ta shigo gidanmu.

Ɗana na fari, tun da aka yaye shi aka kai wa Baffa riƙo, don shi Allah bai ba shi namiji ba. Dama a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya shiga maganarsa a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka na yi. Ni "yaron wajen Baffa" nake ce masa. Shi kuwa da Baffa jika da kaka ne, wasa ne tsakaninsu tun yana rarrafe. Ya hau cinyarsa ya ja gemu, Baffa ya yi ihun ƙarya. Da ya girma ba ya shiga gida sai ya ce, "Tsoho, har yanzu kana nan? Yaushe za ka tafi ka bar mini matata?" Baffa ya ce, "Ɗauki abarka, ta tsufa ta bar ni." Inna ta jefe su duka da mafici.

Yaron ya iya ƙwallo. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa. Ɗan tsakiya ne. Ina zaune a wajen facina a bakin gada nake jin masu babur suna labarinsa, ni kuwa in yi kamar tayar da ke hannuna ta fi komai muhimmanci a duniya.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓa, ƙwallon garin nan ta canza. Kowane mai son kujera sai ya sa kofi. A raba riguna da hoton mutum a ƙirji, a kawo masu kiɗa, a kafa rumfa. Ƙungiyar mai kofi kuwa ba a so ta faɗi. A irin wannan ne aka jefi Baffa, don ya ba da fanareti a kan yaran kansila. Ya dawo gida da ƙulu a ƙeya, washegari ya koma ya busa wani wasan.

A wasan ƙarshe na wani kofin ne abin ya faru, fili ya cika har kan katanga. Yaron ya kwashe ƙafar wani ta baya. Baffa ya busa, ya zaro katin ɗorawa ya ɗaga. Shi kuwa ja'irin, jini yana tafasa, jama'a suna kiran sunansa, ya manta inda yake. Ya zo yana dariya, ya zare katin daga hannun Baffa, ya kama gemun ya ɗan girgiza ya ce, "Haba tsoho, idonka ya mutu, je ka gida matata ta dama maka kunu." Abin da yake yi kullum a tsakar gida. Fili ya kwashe da dariya, har 'yan rumfa, don kowa ya san jikansa ne.

Baffa bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, yaron ya mayar masa da katin yana murmushi. Ya sa a aljihu ya zaro ja.

Waɗanda ke kusa sun ce yaron ya ce, "Tsoho, wasa fa nake."

Baffa ya ce, "A gida ne kake da kaka. Fita."

Kwamiti ya zauna, Baffa a tsakiyar benci, aka dakatar da yaron, ba ranar dawowa. Ran nan Baffa bai je gidan kowa kafin magariba ba. Gidan wa zai je? Nasa ne.

Kowa ya zaci sati biyu za a yi a gyara. Sai aka duba aka ga ƙulli. Doka ta ce uba ko mariƙi ya zauna a tabarma. Mariƙin shi ne shugaban kwamiti. Uban kuwa ni ne, kuma ɗan fari ne. Masu boko za su ce me zai hana ka je. Su faɗa. Ba a gidansu na tashi ba. In zauna gaban dattawan gari, har da ƙanin surukina a cikinsu, in buɗe baki in ce ɗana, in roƙa masa? Harshena ba zai juya ba, ko an ɗora mini wuƙa.

Na dai je shagon Baffa, na tsuguna na gaishe shi, yana taka keke. Na ce, "Baffa, maganar yaron nan naku."

"Wane yaro?"

"Na wajenku."

"Yana da uba. Ya zo gaban kwamiti."

"Ku ne ubansa, Baffa. Ku kuka riƙe shi."

"Ni ne a kan benci. Ka taɓa ganin mutum ɗaya ya zauna a benci ya kuma zauna a tabarma?"

"Kun san ba zan iya ba."

"Na sani."

"To ku canza dokar mana. Ku kuka yi ta, ba aya ba ce."

Ya tsayar da keken. Ya ce, "Da ita na dakatar da ɗan mai unguwa. Da ita na dakatar da maraya, sai da kawunsa ya taso daga Dagumawa a kan jaki, da ciwon baya. In na canza ta ranar da ta shigo gidana, da wane ido zan kalle su?"

Na ce, "To ku sauka daga bencin."

"In sauka wa ya hau? Mutanen kansila suna nan suna jira. Ranar da suka hau, duk yaron da ya mari rafali sai dai a ba shi riga sabuwa."

Na miƙe na ce, "Kun fi son usur da jininku." Na faɗa, kuma har yau ban janye ba, don a lokacin haka ne. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice.

Yaron ya kwashe kayansa daga gidan Baffa ya koma ɗakin abokai. Da ma abin da ke tashinsa da asuba ya yi gudu a yashin bakin kogi, abin da ke hana shi taba, ƙwallo ce. Aka cire ta. Damina ta wuce, wata ta zo. Sai na fara ganinsa a ƙofar ofishin kamfe da 'yan jagaliya, yaran da ake ɗura wa ƙwaya a ba su gora su bi motar ɗan takara suna ihu. Wanda ya jefi kakansa jiya, yau tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Uwarsa ta yi kuka har ta gaji. Ita ma ɗan farinta ne, ba ta da bakin magana sai a ɗaki. Ga zaɓe yana matsowa, kowa ya san yadda ake yi. Yaran mutane ne ake fasa wa kai, masu kujera suna cikin mota gilashi a rufe. Duk gawar da aka ce an tsinta bayan taro, sai na ajiye abin da nake yi na bi a hankali na tambayi ɗan wane ne.

A lokacin ciwo ya kama Baffa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Ya daina busawa, amma bai bar bencin ba. Ni kuwa ina kallonsa yana ramewa ina cewa a raina, shi ke nan, zai tafi da makullin a aljihunsa. Don in ya mutu babu mariƙi, saura ni kaɗai, ni kuwa na san kaina.

Abin da ya karya shi, Inna ce ta ba ni labari. Yana zaune a ƙofar shago a kan kujera, sai ga jerin motocin kamfe. Yaron yana maƙale a bayan wata a-kori-kura, ido jawur, rawani a fuska, gora a hannu. Motar ta tsaya daidai shagon saboda cunkoso. Suka haɗa ido. Yaron ya kawar da kai.

Baffa ya koma gida bai ci abinci ba. Inna ta matsa masa, ya ce, "Ya wuce ni bai ce mini tsoho ba."

Cikin satin ya aika aka kira masa malamin jami'ar nan da ya taɓa yi masa musu. Ya tara kwamiti ya ce ya sauka, ga wanda yake so ya hau. Aka ce baƙo ne, ba ɗan gari ba. Ya ce shi ya sa, ba shi da kansila, kuma mutumin da ya iya gaya wa rafali ya yi kuskure ba tare da ya zagi uwarsa ba, ya isa ya riƙe benci. Aka yarda. Da aka gama sai ya ce wa sabon shugaba, "Ranka ya daɗe, ina da ƙara. A sa mini rana."

Saura kawo yaron, don doka ta ce sai mai laifi yana wurin. Ni ba zan je ba, uwarsa ba za ta je ba. Inna ce ta yafa mayafi ta tafi har ƙofar ofishin kamfe, tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar ƙartai. Ta ce, "Ina mijina?" Suka fashe da dariya, aka turo shi gaba. Ta ce, "Gobe da la'asar tsohon nan zai zauna a ƙasa saboda kai. In za ka zo ka zo. In ba za ka zo ba, sake ni yanzu a gaban abokanka in san na zama bazawara."  Ta juya ta tafi.

Washegari na ɗauki famfona na tafi makarantar. Ban shiga ba. Keken sakataren kwamiti yana jingine a jikin taga, na tsuguna ina duba tayarsa, taya lafiyarta ƙalau.

A kan babur aka kawo Baffa, wani ya riƙe shi ta baya. Da aka shigar da shi 'yan kwamiti suka miƙe gaba ɗaya, kowa yana ba shi wuri a benci. Kusan dukkansu ya taɓa ba su kati suna samari. Ya ce, "Ina tabarmar?" Aka ce haba Baba. Ya ce, "Ina tabarmar?" Aka shimfiɗa. Sai da mutum biyu suka taimaka ya kai ƙasa, ƙafafun nan a miƙe kamar turame.

Aka jira. Har na fara cewa a raina an wulaƙanta tsoho a banza. Sai ga yaron ya shigo ta ƙofar makaranta, ba gora, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, yadda ya kamata. Ya tsaya a bakin ƙofar aji. Da ya ga wanda ke ƙasa sai ya dafa bango.

Shugaba ya rasa ta inda zai fara. Baffa ya ce, "Yi tambayoyinka yadda ake yi. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Malamin ya ce, "Kai ne uban wannan ɗan wasa?"

"Ni na riƙe shi."

"Ka san laifin da ya yi?"

"Na sani. A gabana aka yi."

Wani ya toshe baki da hula.

"Me ya sa ba ka hore shi a gida ba, har ya fito ya ɗora hannu a kan alƙalin wasa?"

Ana jin numfashin Baffa har waje. Ya ce, "Ni na koya masa. Tun bai iya tafiya ba nake miƙa masa gemun nan yana ja ina dariya. Na koya masa ja, ban koya masa inda ake bari ba. Ku yi masa haƙuri, ranku ya daɗe. Yaro ne mai kyau. Ku dawo mini da shi fili kafin a kawo mini shi a makara."

Ba wanda ya iya kallon wani. Shugaba ya ce a take an yafe. Baffa ya ce, "A'a. Kada ku sassauta don ni ne. Me kuka yi wa marayan nan na Dagumawa?" Sakatare ya ce an sa shi jan layin fili da toka har ƙarshen kaka, kuma bai buga ba sai bayan wasa biyu. Baffa ya ce haka za a yi wa wannan.

Sakataren ya ƙara da cewa, "Saura abu ɗaya, Baba. Doka ta ce mai laifi ya ba alƙalin da ya taɓa haƙuri."

Yaron ya taho zai durƙusa a gaban tabarma. Baffa ya ɗaga hannu. "Nan ubanka ne a zaune. Rafali ba ya karɓar haƙuri a ƙasa. Ku ɗaga ni."

Kafin kowa ya motsa yaron ya sunkuya, ya sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗauke shi cak kamar jariri ya ɗora a benci. Sai tsohon golan Indabo, yana cikin kwamitin, ya ce, "La'ilaha! Ku shaida, ya sake taɓa rafali!"

Ajin ya ɗauka da dariya. Baffa yana dariya yana tari. Yaron ya zube a gabansa, kansa a kan kumburarrun ƙafafun nan, kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Tsoho, ka yi nauyi. Me matata take ba ka?"

Baffa ya ce, "An karɓa. Tashi ka ba ni wuri."

Ni dai na sace iskar tayar sakatare na sake bugawa, don hannuna ya samu abin yi.

A ranar yaron ya mayar da kayansa gidan Baffa. Mutanen kamfe sun zo nemansa sau da yawa, Inna ta ce musu mijinta ba ya nan ko yana nan. Ranar babban taronsu da aka yi kaca-kaca a bakin kasuwa, aka kwashi yara zuwa asibiti, wasu zuwa caji ofis, shi yana gidan wata mai ƙosai yana roƙon toka. Shi ya yi jinyar Baffa har ƙarshe. Shi yake juya shi, shi yake kai shi bayan gida, suna yi suna faɗa a kan wa zai riga wani mutuwa. Baffa bai ga wasansa na dawowa ba, ƙafa ta hana. Labari aka kawo masa. Abin da ya tambaya kawai shi ne wa ya busa, kuma an ba da kati ko ba a ba da ba.

Ban ce Baffa waliyyi ba ne. Ya bar yaro ya yi damina biyu a bakin rami saboda benci da tabarma, wannan ina nan a kan bakana. Amma ya sauko da ƙafarsa kafin a sauke shi, kuma abin da ni uban na kasa, shi ya yi. Allah ya yafe masa abin da ya busa daidai da wanda ya busa ba daidai ba. Allah ya sa ya tarar da hisabi mai sauƙi, ya fi wanda shi ya yi mana.

Jiya da sassafe, bayan an share makoki, na bi ta bayan fili a kan kekena za ni bakin gada. Yaron yana can shi kaɗai da bokitin toka da igiyar awon layi, yana tafiya da baya yana zubawa, don kakar ba ta ƙare ba, hukunci yana nan. Ba kowa a wurin. Na taka burki. Na daɗe ina neman abin da zan ce.

Na ce, "Kai. Layin nan ya karkace."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na tsohon ma haka yake."

Na sauka na jingine keken, na riƙe masa bakin igiyar.